Kwana Biyar A Bakin Tekun Zanzibar Da Awarwaron Roba

Ranar da na koma ofis bayan hutun watan Agustan bara, tambayar farko da wani abokin aikina ya yi mini ba ta shafi teku ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Dakta, Zanzibar fa aka ce? Da wannan albashin namu?" Tambayar tana kan hanya, kuma na san mai karatu ma zai yi ta, don haka bari in fara da ita. Kuɗin ba daga albashi suka fito ba. Wani aikin fassara na yi wa wata ƙungiya ta ƙasar waje aka biya ni da dala, na haɗa da kwasar adashin da ni da uwargida muka shekara biyu muna zubi. Da kuɗin suka taru, shawarwari suka yi ta zuwa. Wani ya ce in sayi fili a bayan gari. Wani ya ce in canja motata, wadda ta fi kwana a wurin bakanike a kan gida. Wani kuma ya ce in adana saboda ɓacin rana, tunda dukkanmu mun ɗanɗana yajin aikin watanni takwas na shekarar 2022. Babu shawarar banza a cikinsu, amma ban bi ko ɗaya ba.

Dalilina guda ne. Wata rana da daddare na zauna ina lissafi, sai na ga shekarunmu 16 da aure, kuma na kasa tuna yini ɗaya cikakke da matata ta wayi gari ba ta tambayi kanta abin da za a ci ba. Malamar sakandare ce, ta taso daga aiki ta ɗora wani. Ranar Sallah aikinta ninkuwa yake yi. Idan muka tafi ƙauye da sunan hutu, ni nake zama a zaure ina amsa gaisuwa, ita tana madafi tare da matan gida tun daga hantsi har isha'i. Kalmar hutu tana cikin harshenmu, sai dai a aikace mun keɓe ta ga maza da 'yan makaranta. Saboda haka na nemi wurin da ba za ta taɓa tukunya ba, ba za ta yi cefane ba, ba kuma za ta dubi fuskata ta karanta ko kuɗin aljihuna sun kusa ƙarewa ba. Aka nuna mini irin otal-otal ɗin shaƙatawa na bakin teku da ake biya sau ɗaya tak, kuɗin ya ɗauki ɗaki da abinci da abin sha da wasannin yara. Tsarin komai-a-ciki ke nan.

Mun tashi daga Kano, muka ya da zango a Addis Ababa, muka sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume da ke tsibirin Unguja. Abin da muke kira Zanzibar manyan tsibirai biyu ne, Unguja da Pemba, tare da wasu ƙanana, a cikin Tekun Indiya daura da gaɓar Tanzaniya. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanensu sun kusa miliyan biyu, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Daga filin jirgin, motar otal ta ɗauke mu zuwa Nungwi, ƙauyen masunta da ke can ƙurewar arewacin tsibirin, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. A hanya mun wuce gonakin ayaba da rogo, da bishiyoyin kwakwa da mangwaro, da 'yan mata 'yan makaranta sanye da fararen hijabai, da motocin haya da suke kira daladala, shaƙe da mutane da kaya. Babbar 'yata, mai shekara 13, ta ce, "Abba, in ban da kwakwar nan, ai sai ka ce gida." Ba mu daɗe da wannan magana ba motar ta karya kwana, aka buɗe wata ƙatuwar ƙofa, aka rufe ta a bayanmu. Daga nan kamannin ya yanke.

A teburin karɓar baƙi aka tarbe mu da ruwan 'ya'yan itace mai sanyi da ɗan tawul mai ƙamshi. Sannan wata ma'aikaciya ta nemi kowannenmu ya miƙo hannu, ta ɗaura masa awarwaron roba wanda ba ya ciruwa sai da almakashi. Na manya launinsa daban, na yara daban, don kada a ba yaro giya. Ta yi mana bayani cikin fara'a cewa wannan awarwaro shi ne kuɗinmu, shi ne shaidarmu. Duk inda muka nuna shi a cikin harabar, abin da muka nema za a ba mu. Autanmu, ɗan shekara biyar, ya gwada maganar nan take. Ya ɗaga hannu a gaban mai sayar da askirim, aka miƙo masa. Ya juyo ya dube ni, yana jiran in sa hannu a aljihu. Da ya ga ban motsa ba, sai idanunsa suka ƙara girma. Ina jin a ranar ya yanke hukuncin cewa mahaifinsa ya daɗe yana ɓoye masa yadda duniya take.

Wannan tsari yana da tarihi. A shekarar 1950 wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Gérard Blitz ya kafa Club Med, ya kakkafa tantuna a bakin teku a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya, domin Turawan da suka fito daga wahalar Yaƙin Duniya na Biyu su sami inda za su huta ba tare da lissafin kowane kwano ba. Daga tantuna abin ya girma ya zama manyan gine-gine a tsibiran Karibiyan, da Turkiyya, da Masar, da gaɓar gabashin Afirka. Ba sadaka masu otal suke yi ba, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Suna sayen kayan abinci a sari. Sun san baƙo zai ci kamar ya fashe a rana ta farko da ta biyu, daga ta uku cikinsa zai ja masa birki. Sun san mai ci kaɗan zai cike giɓin mai ci da yawa. Sannan akwai abubuwan da awarwaron bai ɗauka ba, kamar yawon jirgin ruwa da tausa da hoton ƙwararru, waɗanda ake caja da tsada. Abin da suke sayarwa a haƙiƙa shi ne sauke wa mutum nauyin lissafi na 'yan kwanaki.

Kuma in faɗi gaskiya, wannan haja ce mai daraja, ban kuma san darajarta ba sai da na gani. Safiyar farko, uwargida ta farka tun kafin asuba kamar yadda ta saba. Bayan salla ta miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki tana dube-dube, irin tsayuwar wanda ya manta abin da ya tashi ɗauka. Na ce, "Lafiya?" Ta ce, "Malam, ban san abin da zan yi ba." Na ce ta koma ta kwanta. Ta yi dariya, ta kwanta, ba ta farka ba sai ƙarfe tara. A rana ta biyu na hango ta a ƙarƙashin wata rumfar ganyen kwakwa, riƙe da littafin da ta saya shekara uku da suka wuce ba ta wuce babi na biyu ba. A rana ta uku ta shiga teku da doguwar rigarta da hijabinta, ruwa iya gwiwa, tana riƙe da hannun 'yarta, su biyun suna ihu duk lokacin da igiyar ruwa ta taso. Rabon da in ji irin wannan dariyar daga bakinta tun muna sababbin aure.

Yaran kuwa ba a magana. Akwai zauren yara da ma'aikata masu kula da su, da ƙaramin tafkin ninƙaya marar zurfi, da mai tsaro a zaune yana kallo. Ɗana na tsakiya, mai shekara tara, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na dam ɗin Tiga ba, ya tsaya a bakin gaɓa ya tambaye ni ina ɗaya gefen yake. Na ce masa akwai shi, ido ne ba ya kaiwa. Ya ɗebi ruwan ya kai baki, ya tofar, ya ce, "Wa ya zuba gishiri?" Nungwi tana da wata falala da yawancin gaɓar gabashin tsibirin ba ta da ita. A can, idan teku ta janye takan yi nisa ƙwarai ta bar fili, sai an jira ta dawo. A nan janyewar kaɗan ce, ana iya wanka kusan kowane lokaci. Yashin fari ne sol, mai laushi kamar garin alkama, ruwan kuma garai-garai har kana ganin yatsun ƙafarka. Da yamma rana takan faɗi a cikin ruwa ta wajen tsibirin Tumbatu, jiragen masunta na katako suna fita da manyan ƙyallayensu masu kusurwa uku da iska ke turawa. A waɗannan kwanaki na koya wa yaron yadda ake kwanciya a kan ruwa, na kuma gano cewa yana da tambayoyi da yawa da bai taɓa samun lokacina ya yi mini ba. A gida, in ya zo da magana, yakan tarar da ni a bayan tarin takardun jarrabawa.

Sai dai tun daga dare na biyu wasu abubuwa suka fara tsaya mini a rai. Na farko shi ne abinci. Sau uku a yini ake jere shi a kan dogayen tebura, kowa ya ɗebi son ransa: shinkafa kala-kala, taliya, kifi, kaza, naman sa, burodi iri-iri, kankana, abarba, gwanda. Mun tambaya aka tabbatar mana naman yankan Musulmi ne, abin da aka sa wa giya ko naman alade kuma an rubuta a jikinsa. Amma abin da ake bari a faranti ya fi ƙarfin idon wanda aka tarbiyyantar da cewa ƙwayar shinkafa ba ta faɗuwa ƙasa a bar ta. Na ga mutum ya cika faranti uku, ya taɓa ɗaya, ya tashi. Abin kunyar shi ne, a rana ta biyu na kama kaina ina ƙara nama ba don ina jin yunwa ba, sai don wata murya a zuciyata tana cewa ai na riga na biya. Na biyu, giya tana cikin kuɗin kowa. Wanda ba ya sha yana tallafa wa mai sha, ko ya so ko bai so ba. Na uku, shigar bakin teku ta Turawa ba irin wadda idon yaranmu ya saba da ita ba ce, sai da muka zauna muka yi musu bayani, muka kuma zaɓi gefen da iyalai suka fi yawa. Duk mai niyyar irin wannan tafiya da iyali ya san da waɗannan tun daga gida.

Abu na huɗu ya fi sauran wuyar faɗa. Ranar Alhamis da daddare, ana kiɗa a dandalin otal, na duba kewaye da ni na tambayi kaina: in da an rufe mini ido an kawo ni nan, da me zan gane cewa Zanzibar nake? Abincin na ko'ina ne, waƙoƙin na ko'ina ne, baƙin daga Italiya da Jamus da Poland da Afirka ta Kudu. 'Yan ƙasar da na gani duk a cikin kayan aiki suke, suna murmushi suna cewa hakuna matata, wato babu damuwa. Masu gadi kuma 'yan ƙabilar Masai ne da jajayen mayafansu, waɗanda asalinsu can babban yankin Tanzaniya ne. Kwana uku ke nan ina tsibirin, ban san farashin burodi a cikinsa ba, ban ma taɓa kuɗin ƙasar da hannuna ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. To ni har kuɗi na biya aka ƙara mini makantar.

Juma'a ce ta fitar da ni. Akwai wani matashi da ke hidimar teburinmu, wanda tun da ya ji aikina yake kirana Mwalimu. Kalmar da malam tushensu ɗaya a Larabci, kuma da ita 'yan Tanzaniya ke kiran shugabansu na farko, Julius Nyerere. Na tambaye shi ƙarfe nawa ake sallar Juma'a. Ya ce saa saba. Ɗan Larabcin da nake da shi ya gaya mini cewa ƙarfe bakwai yake nufi, na yi sororo. Ya yi dariya ya warware mini: Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirgen sa'o'i, don haka ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ta ɗaya a wurinsu, sa'a ta bakwai kuwa ita ce ƙarfe ɗaya na rana. Ya ce in jira shi a ƙofar ma'aikata idan ya tashi.

Tsakanin wannan ƙofa da tsakiyar ƙauyen bai fi tafiyar minti goma ba. A cikin harabar otal, na baro na'urori suna fesa ruwa a kan ciyawa kore shar. A bayan katangar, abin da na fara cin karo da shi layin jarkoki ne masu ruwan ɗorawa, mata da yara suna zaune a kansu suna jiran famfo. Na san wannan layi, akwai irinsa a unguwarmu. Abokin tafiyata ya ce ruwan daɗi matsala ne a wannan yanki. Ƙasar dutsen murjani ce, ruwan da ke ƙarƙashinta ba shi da yawa, kuma idan aka zuƙe shi fiye da kima sai na teku ya kutso, rijiya ta koma gishiri. Na tuna cewa a safiyar nan kaɗai yarana sun yi wanka sau biyu.

Muka bi ta bakin gaɓa inda masassaƙa ke ƙera jiragen ruwa a ƙarƙashin inuwa. Nungwi ta shahara da wannan sana'a. Da gizago da kurfi da igiya suke aiki, babu zane a takarda, ma'aunin yana cikin kan babban masassaƙin. Irin waɗannan jirage ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna zirga-zirga tsakanin wannan gaɓa da Oman da Yaman da Indiya, suna bin iskar kaskazi da ke busowa daga arewa maso gabas wajen ƙarshen shekara, su koma da iskar kusi da ke tasowa daga kudu. A masallaci na sami sahu a tsakanin wani dattijo mai ƙamshin kifi da wani yaro mai hula irin ta Omanawa. Liman ya bayyana bisimilla a karatunsa, domin mafi yawan mutanen gaɓar nan mazhabar Shafi'i suke bi. Huɗubar da Swahilanci aka yi ta, amma kunnena ya riƙa tsintar kalmomi kamar mai tsintar gyaɗa a gonar da aka gama cira: dunia, haki, sabuni, hatari, habari. Duniya, haƙƙi, sabulu, haɗari, labari. A karo na farko tun zuwana na ji cewa wani gari na zo.

Bayan salla na tsaya a wani ɗan shago zan sayi ruwa da katin waya. Mai shagon ya dubi wuyan hannuna, ya yi wata magana, mutanen da ke zaune a wurin suka yi dariya. Na nemi fassara. Abokina ya ɗan ji nauyi, sannan ya ce, "Cewa ya yi yau ya ga abin mamaki, mai awarwaro ya sayi ruwa." Mai shagon ya ƙara bayani ba tare da ɗaci ba. Baƙon da ke ƙaramin masauki yakan fito ya ci abinci a gari, ya hau tasi, ya sayi kaya. Mai awarwaro kuwa ya riga ya biya komai tun yana ƙasarsa, me zai fito nema? Ko ya fito, da ƙoshinsa yake fitowa, ya ɗauki hoto ya koma. Wannan shi ne abin da masana tattalin arzikin yawon buɗe ido ke kira yoyo: kuɗin da aka kashe da sunan wani wuri, amma kaso mai yawa bai taɓa sauka a wurin ba, ya tsaya a hannun kamfanin jirgi da dillalin tafiya da mai otal, wanda sau da yawa ba ɗan ƙasar ba ne.

A hanyar komawa na ce wa matashin, ashe otal-otal ɗin nan cuta ce a gare ku. Ya girgiza kai. Ya ce, "Mwalimu, kada ka ce haka. Da wannan aikin nake biya wa ƙanwata makaranta. Mahaifina masunci ne, babban kifinsa otal ke saye, da kuɗin da ba zai samu a kasuwa ba." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Sai dai mu yanzu ƙananan kifi muke ci a gida." Na rasa abin da zan ƙara a kan wannan, don ya faɗi ɓangarorin biyu fiye da yadda zan tsara su a aji.

Washegari na ɗauki hayar mota da kuɗin aljihuna, muka tafi tsohon birnin Zanzibar, wanda 'yan ƙasar ke kira Mji Mkongwe, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lungunansa matsattsu ne kamar na cikin birnin Kano ko Zariya, mota ba ta shiga. A ƙofar gidaje akwai dakalin zama da suke kira baraza, dattawa na shan gahawa a kai, ga kuma manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. A kasuwar Darajani uwargida ta sayi kanumfari da kirfa da masoro, ta yi ciniki da hannu da ido har mai kayan ya sallama yana dariya. Kanumfari, wanda suke kira karafuu, shi ne ya ɗaga tsibirin a ƙarni na 19, lokacin da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa nan daga Maskat. Bayi ne suka noma shi. Mun je inda kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 zamanin Sarki Bargash bisa matsin lambar Ingila, aka gina cocin Angilika a wurin. Mun shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu duhu, inda babba ba ya iya miƙewa sosai, muka ga gumakan tunawa a cikin rami da sarƙa a wuyansu. 'Yata ta tambaye ni ko mu ma an yi haka a wurinmu. Na ce mata an yi, an sayar da mutane a kasuwar Kurmi. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Na ba su labarin juyin juya halin 12 ga Janairun 1964 da ya kawar da sarautar, da haɗewa da Tanganyika a watan Afrilun shekarar, wadda ta haifi Tanzaniya. Da magariba muka ci abinci a lambun Forodhani da ke bakin ruwa, muka sha ruwan rake da citta da lemun tsami, muka ɗanɗani wata miya mai tsami da suke kira urojo. Autanmu ya ɗaga wa mai rake awarwaronsa. Mutumin ya yi murmushi, ya miƙo hannu yana jiran kuɗi.

A mota muna dawowa na shiga yi wa uwargida lacca a kan yoyon kuɗi da layin jarkoki, har na ce da na sani da ƙaramin masauki muka kama a cikin gari. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, da ƙaramin masaukin muka kama, wa zai riƙa tunanin inda yara za su karya, da abin da auta zai iya ci, da wanda zai tsare su in sun nufi ruwa? Kai ka zo ganin gari. Ni hutawa na zo yi, kuma na huta. Kada ka sa in ji kamar laifi na aikata." Maganar ta dake ni, domin gaskiya ce. Katangar da ta tsare mini gani ita ce ta ba ta barci har ƙarfe tara. Mu masu karatu muna da wata ɗabi'a ta mayar da kowane jin daɗi abin tuhuma, kuma sau da yawa wanda bai taɓa ɗaukar nauyin aikin ba shi ya fi saurin raina hutun.

Ban janye abin da na gani a bayan katanga ba, ita ma ba ta nemi in janye ba. Inda muka tsaya shi ne, tsarin komai-a-ciki yana cika alƙawarin da ya ɗauka, amma sunansa ya fi shi faɗi. Garin ba ya ciki, mutanensa ma ba sa ciki, sai wanda ya taka ya je ya same su. Don haka shawarata ga wanda Allah Ya hore wa irin wannan tafiya ita ce, ya ware wani abu daga kasafinsa wanda zai kashe a wajen ƙofa. Ya yi salla a masallacin gari, ya ci abincin gari ko sau biyu ne, ya ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, ya sayi tsaraba a hannun wanda ya yi ta. Ya ba ma'aikata na goro hannu da hannu. Ya ɗebi abin da zai iya cinyewa, ya kuma riƙa tuna layin jarkoki idan ya buɗe famfo. In zai shiga ƙauye ya yi shigar mutunci, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton kowa. Ba wannan ne zai gyara tattalin arzikin tsibirin ba, wancan aikin hukuma ne da dokokinta na haraji da ruwa da ɗaukar ma'aikata. Amma shi ne gwargwadon abin da ke hannun baƙo.

Ranar tafiya, ma'aikaciyar nan ta zo da almakashi ta yanke mana awarwaron ɗaya bayan ɗaya. Auta ya ɓoye hannunsa a baya yana kuka, sai da aka yi masa alƙawarin za a ba shi guntun ya tafi da shi. Har yanzu yana cikin akwatin kayan wasansa, ya kuma gwada shi sau ɗaya a shagon unguwarmu, bai yi aiki ba.

Mun iso Kano da daddare. Da gari ya waye, na ji motsi a madafi tun kafin rana ta fito, sannan muryar uwargida daga bakin ƙofa tana cewa, "Malam, me za a ci yau?" Na daɗe ban amsa ba. Na kashe abin da ya kai kuɗin fili domin in raba ta da wannan tambaya na kwana biyar, ga shi ta dawo daidai inda muka bar ta. Tun daga makon nan, ranar Asabar ni da yara ke shiga madafi. Taliyarmu takan caɓe, wake kuma ya taɓa ƙonewa har maƙwabta suka aiko tambayar ko lafiya. Wani abokina da ya zo ya same ni da ludayi a hannu ya ce Zanzibar ta lalata ni. Uwargida dai tana ɗaki a lokacin, ta kusa gama littafi na huɗu.